Juyin Mulki Kan Shugaba Ɓarawo: Abin Da Ya Sami Kilomita Biyar Ta Bangui

Ranar Asabar 15 ga Maris 2003, jirgin Shugaba Ange-Félix Patassé ya tashi daga Yamai, inda ya halarci taron ƙasashen Sahel da Sahara, ya nufi Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Bai samu sauka ba. Kafin ya iso, mayaƙan Janar François Bozizé, tsohon hafsan hafsoshin sojansa, sun riga sun shiga gari. Jirgin ya juya ya sauka a Yaoundé, daga can Patassé ya wuce Togo gudun hijira.

A titunan Bangui mutane suka fito suna rawa. Ma'aikatan da suka daɗe ba su ga albashi ba sun yi murna, haka matan unguwannin arewacin birnin da sojojin haya suka ci wa mutunci. Mazauna Kilomita Biyar, unguwar kasuwa da Musulmi suka fi yawa, su ma suna da nasu dalilin na jin sanyi a rai.

Murnar ba ta daɗe ba aka fara fasa shaguna da ofisoshi da gidaje. Waɗanda suka kawo ceton su ne kan gaba wajen kwasar ganima.

Tambayar da ta dawo

Tun daga 2020 sojoji suka kori zaɓaɓɓun shugabanni a Mali da Gini da Burkina Faso da Nijar da Gabon. Kusan ko'ina an ga jama'a a titi suna tafi. Binciken ra'ayin jama'a na Afrobarometer a ƙasashen Afirka kusan 40 ya nuna cewa kimanin kashi biyu cikin uku na mutane sun fi son dimokuraɗiyya, amma fiye da rabi za su yarda soja ya karɓi mulki idan zaɓaɓɓu suka ci amana.

Ba sai an yi bincike ba ma. Duk wanda ke zama teburin mai shayi a Kano ko Maraɗi ya sha jin maganar: gara soja. Mai faɗin haka ba mahaukaci ba ne. Ya ga asibiti ba magani, ya ga ɗan gwamna da jerin motoci, ya yi zaɓe an sanar da abin da bai zaɓa ba.

Shin idan zaɓaɓɓen shugaba ya zama ɓarawo, halas ne masu bindiga su tumɓuke shi? Akwai wurin da aka gwada amsar "e" sau biyu cikin shekara goma, kuma akwai Hausawa a cikin waɗanda aka gwada a kansu.

Kilomita Biyar, wadda ake rubutawa PK5, tana gunduma ta uku ta birnin Bangui, yamma da tsakiyar gari. Tun zamanin Turawan mulkin mallaka fatake suka zauna a can: Hausawa da Fulani da Barebari da Larabawan Chadi, da 'yan Senegal da Mali. Jikokinsu a can aka haife su, Sango suke yi a kasuwa kamar kowa. Kaya na shigowa daga Douala ta Garoua-Boulaï, a sauke a nan, sannan su bazu cikin gari. Atamfa, kayan gyaran mota da babur, siminti, sukari, goro, duk nan ake zuwa nema. Idan aka rufe wannan kasuwa, Bangui gaba ɗaya sai ta ji a jikinta.

Laifin Patassé ba ƙage ba ne

Dole a faɗi gaskiya game da mutumin da aka kora. Patassé ya ci zaɓe na gaskiya a 1993. Shi ne karo ɗaya tak a tarihin ƙasar da shugaba mai ci, Janar André Kolingba, ya sha kaye a akwati ya miƙa mulki. An sake zaɓen Patassé a 1999, duk da ƙorafin 'yan hamayya.

Abin da ya yi da amanar shi ne abin takaici. Bashin albashi, wanda ya gada tun zamanin Kolingba, ya ci gaba da taruwa har wasu ma'aikata suna bin gwamnati na fiye da shekara biyu. Makarantu suka riƙa rasa shekarar karatu sukutum saboda yajin aiki. Sojoji sun yi bore har sau uku a 1996, kuma albashi na cikin abin da ya tayar da su. Ana cikin haka ana zargin shugaban da mutanensa da riƙe harkar lu'ulu'u da katako da man fetur kamar gonar gado.

Da kujerarsa ta fara rawa, bai nemi jama'arsa ba, sai ya nemi baƙi. Sojojin Libiya suka zo gadinsa. A Oktoba 2002, da mutanen Bozizé suka kai farmakin farko, ya gayyato mayaƙan Jean-Pierre Bemba daga ƙetaren kogin Ubangi, daga Kwango. Wata biyar suka yi suna fyaɗe da kwasar kaya a unguwar PK12 da garuruwan da ke kan hanyar arewa. A daidai wannan lokaci masu kare haƙƙin ɗan Adam suka zargi dakarun Abdoulaye Miskine, na hannun damar Patassé, da kashe mutane a kasuwar shanu ta PK13, galibinsu Musulmi da aka ɗauka 'yan Chadi ne.

Idan akwai zaɓaɓɓen shugaban da za a ce ya cancanci a kora, to Patassé na cikin sahun gaba. Wannan ne ya sa labarin ƙasar ya dace da tambayar. Ba a zalunci salihi ba. Duk hujjojin da mai son juyin mulki ke nema suna nan a cike.

Shekara goma na mai ceto

Bozizé ya fara da abin da ya faranta rai. Ya naɗa Abel Goumba firaminista, dattijon da aka shaida ba ya taɓa dukiyar jama'a. Ya nuna cewa riƙon ƙwarya kawai ya zo yi. Bayan shekara biyu ya tsaya takara, ya kayar da Martin Ziguélé a zagaye na biyu a 2005.

Akwai bashin da ya zo da shi tun ranar farko. Da yawa cikin mayaƙan da suka kai shi fada 'yan Chadi ne ko 'yan kan iyaka, an yi musu alkawarin kuɗi. Ba a cika ba. A 2004 suka yi bore a Bangui, aka ba su ɗan abin sallama aka kwashe su zuwa iyaka. Wasu suka zama 'yan tare hanya, masu sace 'ya'yan Fulani makiyaya don a biya fansa da shanu. Wasu suka shiga ƙungiyoyin tawayen da suka ɓullo a arewa. Bayan shekara tara wasu daga cikinsu suka dawo Bangui ta hanyar da suka sani.

Kan batun sata kuwa, abin da ya canza shi ne sunayen masu ci. Ɗan shugaban, Jean-Francis, ya riƙe ma'aikatar tsaro. Ɗan'uwansa Sylvain Ndoutingaï ya riƙe ma'adinai, daga baya kuɗi. Bayan zaɓen 2011, wanda 'yan hamayya suka yi watsi da shi, majalisa ta cika da dangi da 'yan jam'iyyarsa ta KNK, har da uwargidansa. A 2007 Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa dakarun gwamnati, musamman masu gadin fadar, sun ƙona gidaje wajen dubu goma a arewa. Charles Massi, tsohon minista da ya koma tawaye, ya ɓace a hannun hukuma a farkon 2010.

Musulmi sun ɗanɗani nasu kason. A ƙarshen 2008 gwamnati ta rufe mafi yawan kamfanonin sayen lu'ulu'u, jami'anta suka bi dillalai suna ƙwace duwatsu da kuɗi da motoci. Galibin dillalan Musulmi ne, kuma da yawa sun talauce dare ɗaya. Ga kuma tsohuwar wahala: mai suna Musa ko Abubakar ya je neman katin ɗan ƙasa a ce ya kawo takardar haihuwar kakansa, a shingen hanya kuma ya biya fiye da kowa. A ƙarshen 2012, da 'yan tawaye suka matso, matasan da ke goyon bayan gwamnati suka kafa shingaye a Bangui suna tare duk wanda ya yi kama da Musulmi.

Wato a 2013 an sake samun zaɓaɓɓen shugaba mai cin amana, da jama'a masu ƙorafi na gaskiya, da masu bindiga da ke cewa sun zo gyara.

Ranar da aka ce Musulmi ya hau mulki

Ranar 24 ga Maris 2013 haɗakar 'yan tawayen Seleka ta kama Bangui, bayan ta yi kaca-kaca da yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Libreville wata biyu kafin nan. Cikin sojojin Afirka ta Kudu da ke jibge a ƙasar, goma sha wani abu suka mutu a bakin gari. Bozizé ya tsere Kamaru. Michel Djotodia ya naɗa kansa shugaba, ya jingine tsarin mulki, ya rusa majalisa, daidai yadda Bozizé ya yi shekara goma baya.

Wani zai ce wannan tawaye ne, ba juyin mulkin soja ba. Gaskiya ne Seleka ba rundunar gwamnati ba ce. Amma na 2003 ma janar ne korarre da mayaƙan haya. Ga mai shago, bambancin bai wuce kalar kaki ba. Hujjar iri ɗaya ce, kuma ƙofar da Bozizé ya ɓalla ita Djotodia ya bi.

Djotodia ne Musulmi na farko da ya mulki ƙasar, inda Musulmi ba su wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba. A Kilomita Biyar akwai waɗanda suka yi murna a fili. Ɓoye wannan ba zai amfani kowa ba. Mutumin da aka daɗe ana kira baƙo a ƙasar haihuwarsa ya ga mai salla a fada, ya ɗauka wulaƙanci ya ƙare.

Djotodia bai iya riƙe mutanensa ba. Rundunar da ta shigo da 'yan dubbai ta kumbura, duk ɗan iska ya sa kaki ya zama kanar. Suka yi ta kisa da fyaɗe da ƙona ƙauyuka, suka kwashe motocin coci-coci da asibitoci, suka afka wa unguwar Boy-Rabe fiye da sau ɗaya da sunan neman makamai. Musulmi ma ba su tsira ba, an ƙwace musu shanu da kuɗi. Sai dai abin da maƙwabci Kirista ya gani shi ne an fasa gidansa an tsallake na Musulmi, kuma ana raɗe-raɗin cewa a kasuwar Kilomita Biyar ake sayar da kayan ganima. A Satumba Djotodia ya sanar da rusa Seleka. Ba wanda ya ajiye bindiga.

Wa ya biya?

Da asubahin 5 ga Disamba 2013 mayaƙan sa-kai masu adawa da Seleka da ake kira anti-balaka, tare da tsofaffin sojojin Bozizé, suka afka wa Bangui. Seleka ta rama kan fararen hula Kiristoci, gida-gida. Cikin 'yan kwanaki an kashe mutum wajen dubu. Kimanin mutum dubu ɗari, galibinsu Kiristoci, suka tare a filin jirgin M'Poko, suna kwana ƙarƙashin fukafukan matattun jirage. Faransa ta sauke dakarun Sangaris, suka fara da kwance ɗamarar Seleka.

Ranar 10 ga Janairu 2014 shugabannin yankin suka tilasta wa Djotodia yin murabus a N'Djamena. Ya tafi Jamhuriyar Benin. Janar-janar na Seleka suka ja mutanensu zuwa arewa da gabas da makamansu. Aka bar mai sayar da atamfa, da mahauci, da malamin allo, da tsohuwa mai ƙosai.

A kansu aka huce. An riƙa tare Musulmi a titi da rana tsaka ana sassara su da adda, jama'a na kallo. Ranar 5 ga Fabrairu 2014, jim kaɗan bayan sabuwar shugabar riƙo Catherine Samba-Panza ta gama yi wa sojoji jawabi a wani biki, sojoji cikin kaki suka kashe wani mutum a wurin, a gaban 'yan jarida, don ana zargin ɗan Seleka ne. Aka rushe masallatai har tushe, aka ɗebe kwano da ƙofofi. Alƙalumman da aka gabatar daga baya sun nuna cewa cikin masallatai ɗari huɗu da 'yan kai na ƙasar, kaɗan ne suka rage a tsaye.

Kafin rikicin Musulmin Bangui sun haura dubu ɗari. Mafi yawansu suka gudu. Manyan motoci suka riƙa fita zuwa Chadi da Kamaru, mutane a saman kaya, wanda ya faɗo a hanya ya halaka. Najeriya ta aika jirage a Janairu 2014 ta kwaso ɗaruruwan mutane zuwa Abuja. Cikin waɗanda aka kai "gida" a ƙasashe daban-daban akwai waɗanda ba su taɓa taka ƙasar kakannin nasu ba, ba su san kowa a can ba. A ƙarshen Afrilu aka kwashe Musulmin PK12, mutum fiye da dubu, cikin rakiyar dakarun ƙasashen waje. Kwamitin binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya kira abin da aka yi wa Musulmi da sunan share wata al'umma daga ƙasa.

Kilomita Biyar ce ta rage. Waɗanda suka kasa gudu, da waɗanda suka ƙi, suka taru a cikinta, wasu a harabar babban masallaci. Tsallaka wata gada ko wata mahaɗar titi na iya zama ajali. Masallacin Ali Babolo ya koma wurin ajiye gawa. Maƙabartar Musulmi tana unguwar Boeing, wajen filin jirgi, kuma hanyar ta gagara, har mutane suka koma binne 'yan'uwansu a cikin unguwa. Sai a Fabrairu 2016 aka ƙulla yarjejeniya tsakanin unguwannin biyu aka buɗe hanyar.

Wannan shi ne abin da ba a lissafawa ranar da ake tafi. Masu ƙwace mulki da bindiga suna da ƙabila, suna da addini, suna da yanki. Ko sun tambayi jama'arsu ko ba su tambaya ba, da sunan jama'ar za a rubuta laifinsu. Mu a Najeriya ba baƙin wannan ba ne. Matasan hafsoshin da suka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa ranar 15 ga Janairu 1966 cin hanci suka ce sun zo kawarwa. Kafin shekarar ta ƙare an yi ramuwar Yuli, an kashe dubban 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa waɗanda ba su san hawa ba su san sauka ba, daga nan sai yaƙin basasa.

Hujjar masu cewa gara soja

Duk da haka masu ɗaya ra'ayin suna da abin faɗa, kuma ba a kore shi da ɗaga murya.

Hujjarsu mafi ƙarfi Nijar ce ta 2010. Shugaba Mamadou Tandja ya rusa majalisa, ya rusa kotun tsarin mulki da ta ce masa a'a, ya shirya ƙuri'ar raba gardama don tazarce. Duk wata ƙofa ta doka shi ya rufe ta da hannunsa. Ranar 18 ga Fabrairu 2010 Salou Djibo ya kama shi, bai tsaya takara ba, ya miƙa wa Mahamadou Issoufou mulki a Afrilu 2011. Ana kuma ambaton Amadou Toumani Touré na Mali, wanda ya kori Moussa Traoré a 1991 ya miƙa mulki a shekara mai zuwa.

Sai dai a duba da kyau. Moussa Traoré soja ne da ya hau da juyin mulki. Tandja kuwa wa'adinsa ya riga ya cika, shi ya fara yi wa tsarin mulki juyin. Ba don sata aka kore su ba. Misalin sojan da ya kori zaɓaɓɓen shugaba saboda cin hanci, sannan cin hancin ya ragu ya zauna a rage, shi ne ke da wuyar samu. Buhari ya kori Shagari a ranar ƙarshe ta 1983, ya cika kurkuku da 'yan siyasa, bayan wata ashirin Babangida ya kore shi. Zaren bai tsinke ba sai 1999, kuma har yau ana dawo da kuɗin Abacha daga bankunan Turai.

Hujja ta biyu ita ce zaɓen kansa. Suna cewa wane zaɓaɓɓe? Wanda ya sayi hukumar zaɓe da alƙalai? Nan suna da gaskiya, kuma Tarayyar Afirka na da laifi. Tun sanarwar Lomé ta 2000 takan dakatar da ƙasar da aka ƙwace mulki da bindiga, ta kuma dakatar da Afirka ta Tsakiya a 2003 da 2013. Amma idan shugaba ya murɗe zaɓe ko ya goge iyakar wa'adi, sai a ji shiru. Talaka na ganin wannan, shi ya sa wa'azin dimokuraɗiyya daga bakin waɗannan shugabanni ba ya shiga kunnensa.

Amma murɗe zaɓe na nuna cewa shugaban ba shi da hakkin zama. Ba ya nuna cewa kanar ɗin da ke gadinsa na da hakkin hawa. A Senegal, da Macky Sall ya ɗage zaɓen 2024, majalisar tsarin mulki da jama'a a titi ne suka tilasta a yi shi, ɗan hamayya da ya fito daga kurkuku kwana goma kafin zaɓen ya ci. A Malawi kotu ta soke zaɓen 2019, aka sake, shugaba mai ci ya faɗi. Hanyoyi ne masu wahala, an rasa rayuka a Senegal kafin a kai can. Amma ba wata al'umma da aka kwashe a manyan motoci.

Shi ɓarawon fa?

Idan hukunta ɓarawo ne manufa, sai a duba inda kowa ya ƙare. A 2006 wata kotu a Bangui ta yanke wa Patassé ɗaurin shekara 20 a bayan idonsa kan zamba da almundahana. Bai yi ko kwana ɗaya ba. Aka yi afuwa a 2008, ya dawo, ya tsaya takara a 2011 ya zo na biyu, ya rasu a Douala a Afrilun shekarar. Kotun duniya ta ICC ta ɗaure Bemba a 2016, ta wanke shi a ɗaukaka ƙara a 2018, ya koma Kwango ya zama minista. Djotodia ya dawo Bangui a farkon 2020 aka karɓe shi a fada.

Bozizé kuwa, da kotu ta hana shi takara a ƙarshen 2020, sai ya haɗa kai da wasu ɓangarorin Seleka ɗin da suka kore shi, da anti-balaka, suka kafa sabuwar haɗaka. Suka tare hanyar Kamaru makonni, kaya suka yi tsada, suka kai farmaki bakin Bangui ranar 13 ga Janairu 2021. Sojojin Ruwanda da mayaƙan Rasha da dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya ne suka mayar da su. An yanke masa ɗaurin rai da rai a bayan ido a 2023, shekarar da ya koma Gini Bisau. Wanda ya ga maƙiyan jiya sun haɗu a sahu ɗaya zai gane cewa ba addini ba ne damuwar manyan, ba kuma yaƙi da sata ba.

Hukuncin da ya tabbata a kan wasu, ta kotu ya zo, a hankali. A Yuli 2025 ICC ta ɗaure jagororin anti-balaka biyu, Alfred Yekatom da Patrice-Edouard Ngaïssona, shekara 15 da 12.

Ƙasar ta ga an ƙwace mulki da ƙarfi sau biyar tun samun 'yancin kai a 1960. Na farko shi ne na Kanar Jean-Bedel Bokassa a daren shiga 1966, shi ma da alkawarin tsabtace gwamnati. A 1977 ya naɗa kansa sarkin sarakuna a bikin da ya lashe dala miliyan ashirin ko fiye, a 1979 aka kashe 'yan makaranta da suka ƙi sayen yunifom ɗin da aka tilasta musu. Ra'ayina a nan a fili yake. Zaɓaɓɓen ɓarawo yana da ranar sauka a rubuce, akwai jarida da kotu da 'yan hamayya da ke damunsa komai rauninsu. Mai juyin mulki abin da yake fara kashewa ke nan, tun a sanarwar farko. Idan ya zama na kirki, sa'a ce. Idan ya zama Bokassa, ba a bar wa jama'a wata hanya ba sai jiran wani mai bindigar.

Masu kariya, da ranar ƙuri'a

Malamanmu sun daɗe suna jan kunne kan ɗaukar makami a kan shugaba, ko azzalumi ne, saboda fitinar da ke biyo baya takan fi zaluncin. Wasu kan mayar da martani da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya soki sarakunan zamaninsa kan haraji na zalunci da cin hanci. Amma Shehu ya yi shekara kusan talatin yana karantarwa da wa'azi kafin 1804, kuma sai da aka kore shi daga Degel. Babu kamanni tsakaninsa da hafsan da ya kwana da shiri ya wayi gari a gidan rediyo. Jan kunnen malaman kuma ba izinin yin shiru ba ne. A Bangui Imam Oumar Kobine Layama ya soki ta'asar Seleka tun tana kan mulki, kuma da aka rushe gidansa, wurin Akbishop Dieudonné Nzapalainga ya sami mafaka.

Kilomita Biyar ta sake koyon darasin a cikin gida. Matasan da suka ɗauki makami don kare unguwar a 2014, kuma sun kare ta, su ne suka koma karɓar haraji daga kowane shago da kowace motar da ta sauke kaya. Sunan Nimery Matar, wanda ake kira Force, ya zama abin tsoro. Yunƙurin dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya na murƙushe su a Afrilu 2018 ya ƙare da gawawwaki, a ranar 1 ga Mayu kuma aka kai hari cocin Fatima aka kashe wani limamin coci da masu ibada. A ƙarshen Disamba 2019 'yan kasuwa suka ce ba za su ƙara biya ba. Aka yi kwanaki ana faɗa, mutane da dama suka mutu, shaguna suka ƙone, kafin a karya ƙarfin ƙungiyoyin.

Akwai wata rana kafin nan da ya kamata a sani. Mako biyu bayan Paparoma Francis ya shiga babban masallacin unguwar a 30 ga Nuwamba 2015, aka yi ƙuri'ar raba gardama kan sabon tsarin mulki, ranar 13 ga Disamba. Wasu masu makamai na cikin unguwar suka ce ba za a yi ba. Mutane suka fito suka yi layi a makarantar Baya Dombia, aka buɗe musu wuta da manyan bindigogi, aka kashe wasu aka raunata da yawa. Mazauna unguwar suka yi tattaki zuwa hedikwatar dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya suna neman a ba su kariya su jefa ƙuri'a. Aka ƙara musu rana, washegari suka koma layi.

Tsarin mulkin da suka zaɓa ya ƙayyade wa shugaba wa'adi biyu na shekara biyar-biyar. Bayan amincewa da shi aka zaɓi Faustin-Archange Touadéra, tsohon firaministan Bozizé, a 2016. A 2022 aka cire shugabar kotun tsarin mulki, Danièle Darlan, bayan kotun ta ƙi amincewa da shirin sake rubuta shi. A Yuli 2023 aka yi wata ƙuri'ar da 'yan hamayya suka ƙaurace wa, aka goge iyakar wa'adin, aka mayar da shi shekara bakwai.